Wuta, Lauje, Feshi ko Tono: Da Me Gayya Za Ta Tunkari Kacala?

Duk garin da ke bakin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru ya san irin wannan zaman. Bulama ya tara jama'a a ƙofar gida, an yi karo-karo, matasa sun ce a shirye suke, sai gardama ta kaure a kan ta inda za a ɓullo wa kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa da ke toshe hanyoyin ruwa tana mamaye gonaki. Wani ya ce a cinna mata wuta kowa ya huta. Wani ya ce kuɗin da aka tara a sayo maganin feshi da su. Masunta su ce a shiga da lauje kamar yadda aka saba, manoman da ruwa ya cinye wa gonaki su ce in ba a tone saiwar ba, wahalar banza ce. Ba a rasa kuma wanda zai ce a bar komai, a rubuta takarda a kai wa hukuma ta turo inji.

Kowannensu da gaskiyarsa, kuma sau da yawa a haka ake watsewa ba a tsayar da magana ba. Abin da ya sa zaɓin ya yi nauyi shi ne ƙarfin gayya ƙidayayye ne. Mutanen da suka bar gona da koma suka fito ba albashi ake biyansu ba, sai fura da goro da “sannunku da aiki”. In suka sha wannan wahala, bayan wata guda suka ga kacala ta dawo kore shar kamar ba a taɓa ta ba, ranar da aka sake kiran gayya rabinsu ba za su fito ba. Saboda haka abin dubawa shi ne wace dabara ce aikinta ke tsayawa, a wane irin wuri, kuma a wane lokaci na shekara.

Kacala ba daga wata ƙasa aka shigo da ita ba. Tun da can akwai ta a bakin tafkuna, ana yankar ta a yi rufi da tabarma. Halin kogin ne ya sauya. Kafin a gina madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja mai zuwa ne mai tafiya: ya cika ya batse da damina, ya malale fadama, da rani kuma ya janye har a taka rairayinsa da ƙafa. Wannan janyewar ce take taka wa kacala burki, domin ba ta jure doguwar bushewa. Da aka fara sako ruwa daga madatsun shekara cur, saboda ruwan shan birnin Kano da noman rani na Kadawa da na wajen Auyo, sai aka samu ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ɗaukewa, ga ragowar takin zamani da yake kwasowa daga gonakin sama. A wurin kacala, faɗuwa ta zo daidai da zama.

A ƙasan Haɗeja kogin yakan rarrabu. Tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana, masu kai ruwa wajen Gashuwa, kacala da laka sun shaƙe su, sai ruwan ya karkata zuwa reshen kogin da ake kira Marma da tafkin Nguru, ya kwanta a kan gonakin da a da ake noma. Mutanen Guri da Kirikasamma suna kuka da yawan ruwa, na gaba suna kuka da ƙarancinsa, tushen kukan kuwa ɗaya. Yankin Marma da tafkin Nguru shi ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000, saboda tsuntsayen da ke zuwa cin rani tun daga Turai. Amma tsuntsun da kacala ta fi ba masauki shi ne jan baki, wanda ke kwana a cikinta ya wayi gari a gonar shinkafa.

Kafin a ɗauki makami sai an san inda ran abin yake. Ganyen nan da ake gani, mai kai mita 3 ko fiye, ba a nan ran kacala yake ba. Yana cikin laka, a wata saiwa mai kauri da ke tafiya a kwance, tana fitar da sabon tsiro gaɓa-gaɓa, cike da abincin da ta tara. Sai dai lakar da ke ƙarƙashin ruwa ba ta da iska. Ka karya ganyen kacala ka duba cikinsa, za ka ga ƙananan ɗakuna kamar soso. Ta nan iska ke sauka har saiwa. Ko busasshen karan bara, muddin yana tsaye kansa a waje, bututun numfashi ne a gare ta. Sai kuma kan nan nata mai kama da zangarniyar gero. Guda ɗaya yana ɗauke da iri sama da 100,000, kowanne da gashinsa kamar audugar rimi, iska ta kai shi inda ta ga dama, kuma ya fi son ɗanyar lakar da rana ke duka, ko ruwan da bai wuce idon sawu ba. Da saiwa da numfashi da iri za a auna kowace dabara. Wannan ne ma ya bambanta ta da kainuwa, wadda ke yawo a kan ruwa ba ta kama ƙasa ba: ita kainuwa a ja ta da raga ko manjagara a kai tudu, magana ta ƙare.

Wuta ce ta fi jan hankali, kuma ba abin mamaki ba ne. Ashana ɗaya ce kuɗinta, kuma abin da gari guda zai yi mako yana yanka takan lashe shi kafin la'asar. Tana tashin jan baki daga makwancinsa, tana buɗe wuri a ga inda tsohuwar hanyar ruwa ta bi, tana rage tarin busasshen ganyen da ke hana mai lauje kutsawa. Amma ba ta isa saiwa, domin jiƙaƙƙiyar laka ba ta bari zafi ya ratsa ta. Tokar da ta bari taki ce, inuwar tsohon ganye kuma ta kau, sai sabon tsiro ya samu rana da abinci a lokaci guda. Wanda ya taɓa ƙona kacala da hunturu ya koma wurin da bazara ya san abin da nake faɗa. Ga kuma haɗari: iskar hunturu ba ta shawara, wutar da aka cinna a bakin ruwa takan tsallaka gonar alkama, ko rugar Fulani, ko bukkokin masunta da komayensu. A kusa da Baturiya da Dagona kuwa, wuraren da doka ta kare saboda tsuntsaye, ba abin da za a yi gaban kai ba ne.

Wuri ɗaya na ga wuta tana biya: in an tabbata ruwa na tafe, zai hau ya rufe kututturen da ya rage kafin sabon ganye ya miƙe. A nan ruwan ne ke kisa, wuta sharar fage kawai ta yi. Matsalar ita ce ba a hannun gari zuwan ruwan yake ba. Yana hannun damina da masu buɗe madatsa, kacala kuma tana da saurin tofo. In ruwan ya yi jinkirin mako uku, ta riga shi fitowa.

Lauje kuwa iri biyu ne, kuma a nan ne gayya da yawa ke asarar guminta. Akwai yanka a saman ruwa, ko daidai fuskarsa. Shi ne ya fi sauƙi, mutum yana ganin abin da yake sara, wuri ya yi fes cikin awa kaɗan. Amma aski ne kawai aka yi mata, tunda kututturen da ya leƙo sama yana ci gaba da shaƙar iska yana aika wa saiwa. Sai kuma yanka a ƙarƙashin ruwa, yadda ruwa zai rufe bakin karan da santimita 20 zuwa 30, wato wajen rabin kamu, in ya fi haka ma ya fi kyau. Da zarar ruwa ya cika ɗakunan nan na cikin kara, saiwa ta rasa numfashi. Za ta yi ta ƙoƙarin turo sabon tsiro ya kai sama, tana cin abincin da ta ajiye, kuma rashin iska yana sa abincin ya ƙare da wuri. In aka koma aka yanke wannan tsiron da zarar ya fara huda ruwa, aka sake komawa karo na uku, yawancin saiwar ruɓewa take yi a inda take. Ba guba, ba fetur, ba kuɗi sai na maƙeri da na abinci.

Sharuɗɗansa ne ke da wuya, kuma in ɗaya ya faɗi duka sun faɗi. Na farko, sai an yanke komai, ɗanye da busasshe. Saiwar kacala a haɗe take, tsirarun karan da aka tsallake suna iya shayar da na kusa da su iska. Na biyu, sai ruwa ya zauna a kan kututturen makonni, ba kwanaki ba. Saboda haka a yi yankan lokacin da ruwa ke hawa, ko yake tsaye. Yanka a lokacin da yake ja da baya, kwana goma kututture ya fito sarari, aikin ya tashi a banza. Abu mai sauƙi da ke raba gardama shi ne a kafa gora a cikin ruwan mako guda kafin ranar gayya, a yi mata tsaga daidai fuskar ruwa, a riƙa duba ta kowace safiya. A kuma buga waya ga 'yan'uwa na sama, wajen Ringim ko Auyo, a ji yadda kogi yake a wurinsu, domin abin da suka gani yau shi zai iso daga baya. Na uku, lokaci. Kacala ta fi rauni sa'ad da ta fara fitar da kai, domin ta kwashe abincin saiwa ta zuba a sama, iri kuma bai nuna ba. A duba ita kanta ciyawar, a bar ƙidayar wata. In aka bari kan ya bushe ya fara tashi, kowane sara watsa iri ne.

Ba zan ɓoye wahalarsa ba. Mutum yana tsaye cikin ruwa har ƙirji, ƙafa na nitsewa a laka, yana laluben gindin kara da hannu, ga matsattsaku, ga maciji, ga gefen ganyen da ke tsaga fata. Inda ruwa ya ɗauki kwalekwale, gara a sa maƙeri ya ƙera lauje mai faɗi a ɗaura shi a doguwar gora, mutum biyu a jirgi, ɗaya na riƙe da shi ɗaya na ja. Kuma abin da aka yanka tilas a fitar da shi tudu. In aka bar shi, zai taso ya bi ruwa ya taru a wuri mai ƙunci ya zama sabuwar toshiya, ko ya ruɓe a nan ya cinye iskar da kifi ke shaƙa, ya ƙara wa ƙasan kogin laka. Gayyar da ta sa kowa a yanka ba mai kwasa, ta ɗauke matsalarta ne ta kai wa garin gaba. A ganina masu kwasa da ja su kai yawan masu lauje, in ba su fi su ba. Iyakar wannan dabara a fili take: inda ruwa bai kai gwiwa ba, ko yake ɗaukewa da wuri, ba ta aiki.

Feshi ne na fi jin tsoro, kuma shi ne matasa suka fi so, domin sun ga aikinsa a gona. Maganin ciyawa iri biyu ne. Akwai mai ƙona ganyen da ya taɓa kawai. Wannan a kan kacala zubar da kuɗi ne, daidai yake da wuta, sai dai ya fi ta tsada da haɗari. Akwai kuma mai bin jikin tsiro har saiwa, irin su gilaifoset. Gaskiya a faɗe ta, wannan yana kashe kacala, musamman in ta gama girma ta fitar da kai, tana mayar da abinci ƙasa, sai maganin ya bi shi. Yana bukatar koren ganye mai yawa da zai sha shi, da awoyi ba ruwan sama, kuma ba a yanka kafin a fesa ko nan da nan bayan an fesa. Ke nan ba a haɗa shi da lauje a rana guda.

Amma a dubi inda za a fesa shi. Ruwan nan shi ake sha, shi ake wanka da alwala, shi shanu ke sha, a cikinsa kifin da ake kaiwa kasuwa yake. Galibin wanda ke shagunan kayan gona don tudu aka haɗa shi, kuma ana gauraya shi da wani sinadari mai sa ya manne a ganye, wanda ya fi ainihin maganin illa ga kifi da kwaɗi. Mai goyon famfo a baya, a cikin ciyawar da ta ninka tsayinsa, sama yake ɗaga bututu, feshin kuma kansa yake dawowa, a fuska da ido. Iska kaɗan ta kai shi gonar shinkafa ko tattasan maƙwabci. Bayan duk wannan, kacalar da ta mutu tana nan tsaye a inda take. Ruwa bai samu hanya ba, jirgi bai wuce ba, sai an shiga da lauje an kwashe ta. In kuma aka bar ta ta zube ta ruɓe da yawa lokaci guda, kifi ya rasa iska. Sannan mutanen garin da ke ƙasa, waɗanda ruwan zai isa tulunansu, ba wanda ya tambaye su. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: kada gayya ta fesa magani a kan ruwa ko a bakinsa. In akwai gonar da ruwa ya janye mata sarai, nesa da mashaya, mai ita ya nemi malamin gona su yi shawara. Wannan sha'anin gonarsa ne, bai kamata kuɗin jama'a su shiga ba.

Tono shi kaɗai ne ke fitar da saiwar a gan ta da ido, kuma shi kaɗai ke ƙara wa hanyar ruwa zurfi. Wannan na biyun ya fi na farko muhimmanci, domin ruwan da ya shanye mutum a tsaye kuma yana gudu, kacala ba ta iya zama a cikinsa. Saiwar ba ta cika nitsewa can ƙasa ba, galibi a saman laka take shimfiɗe, amma a sarƙe take kamar tabarma, sai an datse ta da diga ko gatari kafin shebur ya ɗaga. Aiki ne mai cin rai da jinkiri. Abin da lauje zai share a yini, tono sai ya yi kwanaki. Duk guntun da aka bari mai ido a jiki zai tofo, kuma sabuwar lakar da aka tone aka zube a gefe ita ce shimfiɗar da irin kacala ke nema. Don haka a kai saiwar can tudu inda rana za ta gasa ta, lakar kuma a daddale ta a yi jinga da ita, ta bushe.

Saboda tsadarsa a ƙarfi, tono na ƙananan wurare ne masu daraja. Bakin magudana, inda ƙaramar hanya ta balle daga babban kogi, nan laka ta fi taruwa, kuma toshewar taku ashirin a nan kan hana ruwa shiga hanya mai nisan kilomitoci. Sai kwatar da jirage ke tsayawa, da mashigin da mata da 'yan makaranta ke bi, da hanyar ƙafa ta kan jinga wadda kacala ke rufewa daga gefe biyu har mutum ya ji tsoron bi da magariba. Sai mashaya. Wannan kada a raina ta: in kacala ta rufe inda shanu suka saba sauka, makiyayi zai nemi wata hanya, wata hanyar kuwa sau da yawa ta cikin gonar wani take. Gayyar buɗe mashaya, in aka gayyaci ardo da mutanensa, za su zo, kuma rigimar da aka kashe a ranar ta fi ciyawar da aka tone yawa.

Akwai ɗan'uwan tono da ya dace da gonakin da ruwa marar zurfi ya kwanta a kai: a kewaye su da jinga, a hana ruwa shiga, a bari su bushe, a kifar da ƙasar da garmar shanu ko tarakta, zafin bazara ya ƙone saiwar. Wato a mayar wa wurin ranin da madatsa ta ɗauke masa. Yana aiki, amma sai masu gonakin da ke jere sun haɗa kai, kuma sai an shuka wurin a daminar da ta biyo. Gonar da aka ƙwato aka bari fayau, iri ne zai sauka a kanta.

Batun inji gajere ne. Gwamnatin Jigawa ta sayi injinan haƙa masu tafiya a kan ruwa, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ma tana da hannu a aikin yashe kogin, kuma babban kogi aikinsu ne, ba na lauje ba. A rubuta takardar, a bi ta. Amma inji kaɗan ne, kogin da rassansa dogaye ne, mai kuma da tsada, ba zai shiga kowace magudanar ƙauye ba. Inda ya wuce ma, kacala daga gefe take sake rarrafowa. Babu lokacin da gumin gayya ya fi riba kamar bayan wucewar inji: hanya a buɗe, ruwa da zurfi, sai bin gefe da lauje kafin tsiro ya yi ƙarfi.

In aka jera su haka, za a ga wurin ne ke zaɓar makami. Hanyar ruwa mai zurfi da ba ta ƙafewa, lauje a ƙarƙashin ruwa, sau uku. Bakin magudana da mashaya da mashigi, tono. Gonar da za a iya tsare wa ruwa, jinga da rana. Wuta sai a matsayin sharar fage, da izinin masu gari, ranar da ba iska, bayan an share iyaka. Garin da ƙarfinsa bai wuce abu ɗaya ba a bana, ni dai lauje zan ce ya ɗauka, ya kuma zaɓi hanyar ruwa guda ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fuskanci dajin kacala gaba ɗaya, a share fili mai faɗi a gaban gari don ido ya gani. Gara siririyar hanya, faɗin da jirage biyu za su gifta, amma ta zarce daga inda ruwa ke shigowa har inda zai fita. Ruwan da ya samu mafita yakan yi gudu, gudun kuma yana kwashe laka yana taya ku aiki bayan kun koma gida.

A fara daga ƙasan hanyar, inda ruwa zai fita, a yi sama, don ruwa da ɓaraguzan ganye su samu inda za su bi. A tuna kuma da zarar hanya ta buɗe, ruwan da ya taru a baya zai ɗan sauka, saboda haka a ƙara zurfin yanka fiye da yadda ake gani ya isa. Kuma kafin a taɓa komai a je garin gaba a zauna da su. In kuka buɗe naku su ba su buɗe ba, ruwan da kuka sallama a gonakinsu zai kwana, abin da aka fara don alheri ya koma ƙara a gaban hakimi. A wannan zaman ne sarkin ruwa zai yi magana da masu dumba, domin shingen kifin da ya tare hanya daga gaɓa zuwa gaɓa yana rage gudun ruwa, laka ta kwanta a bayansa. Abincin mutane ne, ba a ce a cire ba, amma a bar wa ruwa ƙofa a tsakiya.

Akan tambaya ko abin da aka yanka zai kawo kuɗi. A kogin Senegal, inda kacala ta mamaye bayan gina madatsar Diama a 1986, mutanen wajen Rosso a Muritaniya suna yin gawayin girki da ita, a Senegal kuma ana sa ta a rufi da gini don tare zafi. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ta yi bincike tare da wasu jami'o'in waje a kan mayar da ita abincin dabbobi da iskar gas ta girki. A gida ma, busasshen ganyenta rufi ne da shinge, ɗanyen tofonta kuma shanu na ci. Sai dai a lura da wani abu: mai yanka don sayarwa so yake ta sake fitowa, don haka a saman ruwa zai yanka, inda ganyen ya fi tsabta da sauƙin ɗauka. Bukatarsa da ta gayya ba ɗaya ba ce. A raba musu wuri: babban dajin a bar wa masu sana'a su yi ta girbi, hanyar ruwa kuma a yi mata yankan kisa.

Lafiyar masu shiga ruwa ma tana cikin lissafi. Kacala maɓoyar ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ce, tsutsar kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Ta fi fitowa daga jikin dodon koɗi da tsakar rana, don haka a shiga da sassafe a fito kafin rana ta take. Mai dogon takalmin roba da safar hannu ya sa, wanda ya fito ya goge jiki ya yi wanka da sabulu da ruwan rijiya ko na burtsatse. Yara su tsaya a tudu wajen shanya. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan makonni ya je asibiti, maganinta firazikwantel ne, kuma ya kamata a ware wani abu daga kuɗin karo-karo saboda wannan, tare da sanin asibitin da ke da allurar saran maciji tun kafin ranar aiki.

Kuɗin abincin ma kada a cinye su a fita ɗaya. A kasa su uku tun a zaman farko, a ƙofar gidan bulama, a sanar cewa fita uku ce. Yanka na biyu da na uku ba su kai na farko wahala ba, domin tsiron ɗanye ne mai laushi, mutum goma a jirage biyar sun isa hanyar da ta ci gari guda a karon farko. A ɗora wa masunta biyu ko uku da ke bin hanyar kullum alhakin sa ido, ranar da suka ga koren tsini ya fara huda ruwa su gaya wa bulama, a fita cikin makon.